Sunayen da Muke Ji a Waƙa, Masu Su Sun Yi Zamani
(Jawabin da aka gabatar a taron ƙungiya na wata-wata)

Shugaba, iyayenmu dattawa, malamai da sauran 'yan'uwa, muna godiya da aka ba mu wannan dama, ko da yake mu 'yan kasuwa ne, ba manazarta ba.

Abin da ya jawo maganar, kwanaki muna zaune a bakin rumfa an sa waƙar Ɗan Anace ta Shago, sai wani yaronmu, haifaffen nan Potiskum, ya ce wai shagon wane ne ake wa kirari haka? Aka yi ta dariya. Amma da muka koma gida abin ya tsaya mana a rai. Shago fa mutum ne, ɗan dambe ne da ya yi tashe a ƙasar Sakkwato da Zamfara, kuma Ɗandunawa da ake ambata tare da shi abokin karawarsa ne, ba ƙage ba ne.

To haka abin yake kusan ko'ina. Mawaƙanmu na da ba su cika ƙirƙiro suna ba. Ku ɗauki Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999 aka rufe shi a Daura. Waƙarsa ta Kilishi Jikar Dikko ba ta nama ba ce, jama'a. Matar Sarkin Daura Muhammadu Bashar ce ya yi wa, Sarkin da ya hau gadon sarauta a 1966 ya rasu a 2007. Dikkon kuwa shi ne Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya rasu a 1944. Kun ga a cikin suna guda an haɗa gidajen sarauta biyu, da aure, da zumuncin Katsina da Daura. Yaron da bai san wannan ba, kiɗa kawai yake ji.

Wanda ya fi burge mu ma ba mutum ba ne. Ɗanfilinge da Narambaɗa, makaɗin Sarkin Gobir na Isa Ahmadu, ya wasa, doki ne. Filinge gari ne a Nijar, arewa maso gabas da Yamai. Mu da muke kwana muna tashi kusa da kasuwar shanu ai ba a yi mana bayani: dabba da sunan inda ta fito ake kiranta, kamar yadda ake cewa doki ɗan Azbin. Mu kanmu haka aka yi mana da muka zo garin nan. Wane Bichi, wane Gumel, wane Bakatsine, har sunan uba ya ɓace, na gari ya zauna.

Gaskiya ɗaya da ba za mu ɓoye ba, yawancin sunayen nan kyauta ce ta shigar da su. Wani doki ya bayar, wani riga, wani mota. Akwai kuma waɗanda zambo ya kai su, jikokinsu na nan da rai, don haka ba ma ba da shawarar a tono waɗannan. Malamanmu na Islamiyya sun ja mana kunne a kan giba tun muna yara.

Damuwarmu ita ce, dattawan da suka ga mutanen nan da idonsu, ko suka yi dako da fatauci a garuruwansu, suna ƙarewa. A bara kaɗai kun san gidajen da muka je ta'aziyya. Muna roƙon shugaba ya sa matasa uku ko huɗu su riƙa bin waɗanda suka rage bayan La'asar, a kunna musu waƙa, in an zo kan suna a tsaya a tambaya: wane ne, ɗan ina ne, me yake yi? A rubuta, a kawo wa mujalla. Kuɗin littafi da biro, mu 'yan layin hatsi mun ɗauka.

Wassalamu alaikum.