Jawabi ga makiyaya da ƴan kasuwar bisashe a kan taswirar masu neman filin wutar lantarki

 

Maganarmu ta yau a kan taswira ce. Idan hukuma ko kamfani na neman inda zai kafa tashar wuta mai aiki da hasken rana, kamar ta Malbaza ta 2018 ko ta Goru Banda kusa da Yamai, mai megawat 30, da aka gama a 2023, ba ƙafa suke fara sa wa ba. Taswirori suke ɗora wa juna cikin kwamfuta. Ɗaya tana nuna ƙarfin rana, ɗaya tudu da gangare, wata nisan wuri da hanyar mota da layin wuta. Sai a kawo ta gonaki, ta garuruwa da ta gandun daji, a soke duk inda suka rufe. Abin da ya saura shi ake kira filin da ya dace.

To ƴan uwa, wane fili ne ke saura bayan an cire gona da gari? Makiyayarmu ce. Shanu ba su barin ganuwa ko kunya. Hoton da tauraron ɗan Adam ya ɗauko a watan Afrilu ƙasa ce fayau zai nuna, alhali a Agusta tafki ne cike, garke goma na kwana a bakinsa. Burtalin da ba a zana ba, a wurin kwamfuta babu shi. Kuma tashar rana shinge ake yi mata. In ta faɗo tsakiyar burtali, sai dabba ta ratsa gona, kun kuwa san abin da ke biyo baya. Bafatake mai kora zuwa kasuwa shi ma ya ƙara kwana a hanya, sa ya rame, kuɗi ya faɗi.

Ba ma ƙin wuta. Muna son ta ga famfon rijiya da sanyaya allurar riga-kafi. Abin da muke nema a sa taswirarmu cikin waɗanda ake ɗorawa, tun kafin a zaɓi wuri.

Doka na bayanmu. Kundin tsarin karkara na 1993 ya ba makiyayi fifikon amfani da mazauninsa na asali, dokar kiwo ta 2010 kuma ta ce yawon kiwo haƙƙi ne. Amma doka ba ta san sunan rijiyar kakanka ba sai ka kai shi.

Don haka kowane reshe ya fitar da dattawa waɗanda suka san daji, su bi ma'aikatan Kofo na ƙaramar hukumarsu, a auna burtali, mashaya, wurin gishiri da masaukin damina, a rubuta, a kafa turakun siminti. Ku nemi a faɗi watan da ake amfani da kowane wuri. Takardar da aka sa wa hannu kuwa, ku karɓi kwafinta, ɗaya wurin ardo, ɗaya a ofishin ƙungiya.