Atisaye da Wuta ta Gaske: Jawabi ga Matasan Birnin Gwari



An nemi in tofa albarkacin bakina kan shawarar matasanmu ta kafa rukunin 'yan sa-kai masu kashe gobara. Ina goyon baya. Tsakaninmu da Kaduna ya haura kilomita 100, ga kuma dajin Kamuku, wanda aka keɓe a 1936 aka mai da shi gandun ƙasa a 1999, faɗinsa ya zarce murabba'in kilomita 1,000. Idan hunturu ya busar da gamba, mu ne a bakin wuta.

Sai dai ba a ƙwarewa sai an tsaya gaban wuta ta gaske, ita kuwa ba ta san ana atisaye ba. A 1982, a garin Boulder na Amurka, 'yan kwana-kwana 2 sun rasu cikin tsohon ginin da aka cinna wa wuta domin horo. Wannan ya sa aka fito da ƙa'idar NFPA 1403 a 1986. Duk da haka, a 2001, a Lairdsville ta Jihar New York, aka sa wani saurayi ɗan shekara 19, sabon shiga, ya kwanta a bene a matsayin wanda za a ceto, aka kunna wa kujerar soso wuta a ƙasa. Bai fito da rai ba, kotu kuma ta kama wanda ya jagoranci atisayen da laifi.

Ƙa'idar ta hana sa mutum a matsayin wanda gobara ta rutsa da shi. Mutum-mutumi ake ajiyewa. Malami ɗaya kada ya riƙe fiye da ɗalibai 5. A tanadi ruwa daga wurare 2 dabam-dabam, a zagaya da kowa ya ga mafita kafin a ƙyasta ashana, a kuma naɗa mutum guda wanda in ya ce a tsaya, an tsaya, ko da sarki ne ke kallo. Fetur da tsohuwar taya, waɗanda na san su za mu fara nema, a bar su a gida.

A daji kuwa, a share kewayen fili tukuna, a kunna da sanyin safiya kafin iska ta tashi. Kada kowa ya tsaya a saman tudu wuta na ƙasa, domin hawa take da gudu. Haka ta cinye mutum 13 a Mann Gulch a 1949. In ta juyo, a koma inda ya riga ya ƙone. A sa tufafin auduga da takalmi rufaffe, don yadin roba narkewa yake a jiki.

Roƙona ga shugabanni: kada a kunna ko kara ɗaya sai an gayyato jami'an hukumar kashe gobara ta Jihar Kaduna sun tsaya a kai.