Dutsen Sama Ko Ruwan Teku: Wa Ya Riƙe Sanyin?



Ba zan tsaya a kan dutsen da ya faɗo yankin Yukatan na ƙasar Meziko shekara miliyan 66 da suka wuce ba. Kun san labarin: rami mai faɗin kilomita 180, ƙura da hayaƙin farar wuta suka tare rana, kusan kashi uku cikin huɗu na nau'o'in halittu suka ƙare. Ba na ja da wannan. Abin da nake ja da shi shi ne ɗabi'ar da ta shiga wasu abokan aikinmu, ta neman dutse a bayan kowane sanyi.

Ku ɗauki sanyin da ya komo wa arewacin duniya shekara 12,900 da suka wuce, ya zauna kimanin shekara 1,200. A 2007 wasu masana suka ɗora wa tauraro mai wutsiya alhakinsa. Aka ce ina ramin? A 2018 aka sanar da gano wani a ƙarƙashin ƙanƙarar Girinlan, murna ta tashi. A 2022 aka auna shekarunsa: miliyan 58. To, a ci gaba da nema.

Ni ina tare da bayanin marigayi Wallace Broecker. Ruwa mai ɗumi da gishiri yana gangarowa arewa a saman Tekun Atilantika. In ya isa kusa da Girinlan sai ya huce, ya yi nauyi, ya nitse, ya koma kudu ta ƙasa. Nitsewar nan ita ke janyo wani ruwan a baya, ita ke kai wa Turai ɗumi. Da ƙanƙarar Arewacin Amurka ta narke, ruwan daɗi mai ɗimbin yawa ya kwararo teku. Ruwan daɗi bai kai na gishiri nauyi ba, don haka ya kwanta a sama ya ƙi nitsewa, tafiyar ruwan ta yi rauni, ɗumin ya yanke. Ku lura da kyau: ƙurar dutse cikin 'yan shekaru take sauka. Sanyin da zai haura shekara dubu sai da abin da zai riƙe shi, kuma teku ke da wannan ƙarfin.

Wani zai ce mu da muke nesa da gaɓa, me ya haɗa mu da wannan? Damina ta haɗa mu. In arewacin Atilantika ya fi kudancinsa sanyi, hadari yakan maƙale a kudu, ba ya iso mana yadda ya saba. A wancan zamanin sanyi tabkunan Afirka ta Yamma sun ja baya. Tabkin Bosumtwi da ke kusa da Kumasi, wanda shi kansa ramin dutsen sama ne mai shekara fiye da miliyan ɗaya, laka ta gindinsa ta adana shaidar.

Iyayenmu kuma sun ga fari da idonsu a 1973 da 1984. Bayan rubutun Jule Charney na 1975, aka yi ta jinginar da farin ga makiyayi da mai saran itace. Folland da abokansa a Ingila suka nuna a 1986 cewa zafin saman teku ne jagora, Alessandra Giannini da nata abokan suka ƙarfafa hakan a 2003. Amma har gobe akwai ofisoshin da ba su san wani maganin fari ba sai bikin dashen itace. A dasa, alheri ne. A dai daina cewa talaka ne ya kori ruwa.

Tun 2004 akwai na'urori jere a Atilantika suna auna ƙarfin wannan tafiyar ruwa. Ɗalibanmu nawa ne suka iya karanta alƙaluman? Na daɗe ina wannan kira, yau ma zan maimaita: jami'o'in Arewa da na Nijar su shigar da ilimin teku cikin darussan yanayi, su kuma ware kuɗin haƙo lakar Tabkin Chadi mu karanta tarihin damunarmu da kanmu. Shugabannin sassa, kuna zaune a nan, a hannunku abin yake.