Jika goma ka karɓa, nawa za ka mayar?

Yayyena da ƙannena, na gode da kuka bar shayin fada kuka zo. Ba zan daɗe ba, amma fa yau sai kun yi lissafi, ku yi haƙuri.

A ce ɗalibi ne, bursi bai fito ba, mai gidan haya yana ƙwanƙwasa ƙofa. Ya je wurin wani a unguwa ya karɓi jika 10, da sharaɗin ƙarshen wata ya kawo jika 11. Tsada ko araha? Yawancinmu za mu ce jika guda ce, ai ba komai. To jika guda a kan jika 10, kashi 10 cikin 100 ke nan, a wata ɗaya tak. A shekara ya zama kashi 120. In wata ya ƙare bai samu uwar kuɗin ba, sai ya riƙa kai jika ɗai-ɗai don a ɗaga mashi ƙafa. Bayan wata 10 ya biya jika 10 cif, kuma har yanzu ana bin shi jika 10.

Yanzu ku ji abin da doka ta ce. A 2014, ƙasashe 8 da ke ƙarƙashin babban bankin BCEAO, har da Nijar, suka sa iyakar kuɗin ruwa: kashi 15 a shekara ga bankuna, kashi 24 ga ƙananan asusun ba da rance. Wanda ya haura nan ya taka doka. Ɗalibinmu kuwa ya biya ninki 5 na iyakar ƙananan asusu, yana ta godiya an rufa mashi asiri.

Abin da ke ba ni haushi shi ne, wannan yaron ya iya lissafin. Tun firamare mushe ya koya mashi kashi cikin ɗari, ya ci jarabawa da shi. Amma da Faransanci ya koye shi, a kan allo, da faran. Kasuwa kuma da dala da jika take magana. Ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya ce lissafin nan na allo shi ne na littafin mai kanti. Sai mutum ya ci bak, ya shiga jami'a, bai taɓa karanta takardar rance ko ɗaya ba, har ranar da za a miƙa mashi biro a ce sa hannu nan.

Ba cewa nake bashi mugun abu ne ba. Ku ɗauki ɗan kabu-kabu. A ce babur jika 500 ne kuɗi hannu, an ba shi a kan ya riƙa kawo jika 2 kullum har shekara, sa'an nan ya zama nashi. Ku ninka: jika 730. Ya biya ƙarin jika 230, amma babur ɗin da kanshi ke nemo kuɗin, kuma ƙarshen shekara yana da abin hannu. Ko ya yi, ko bai yi ba, sai an cire mai da gyara da ranakun ciwo kafin a sani. Wannan lissafi ne da ya kamata yaro ya iya kafin ya karɓi makulli. Bashin sabuwar salula ko kayan buki kuwa, ba abin da zai nemo. Daga aljihunka zai fita. Dukiyarka ita ce abin da ya saura in an cire duk abin da ake bin ka. Salular jika 150 da ake bin ka jika 100 a kanta, jika 50 gare ka, kuma kullum darajarta raguwa take.

Wani zai ce ai addini ya riga ya hana riba, magana ta ƙare. Gaskiya ya hana. Amma riba ba ta zuwa da sunanta. Wani ya ce na goro ne, wani ya ce kuɗin takarda ne. In ba ka iya lissafi ba, ta yaya za ka gane ta, balle ka guje ta?

Kuma kar mu ɗauka sai mun je waje neman malamai. A 1991, a jihar Maradi, ƙungiyar CARE ta fara tsarin Mata Masu Dubara. Mata su haɗu duk sati, kowace ta zuba abin da aka yanke cikin akwati, su ranta ma junansu, in lokaci ya cika su raba. Da yawansu ba su taɓa shiga lakwal ba, amma kowace ta san wa ya karɓa, nawa, yaushe zai dawo. Daga nan ƙasarmu tsarin ya bazu zuwa ƙasashe da dama. Iyayenmu ne fa, mu kuma masu digiri muna jin kunyar tambayarsu.

Ni abin da nake nema ga masu tsara karatu, su sa wannan cikin darasin lissafi tun daga kwaleji, da takardar rance ta gaske a hannun yara, da misalai a dala da jika. Kafin su yi, kowa a nan yana da ƙane ko ƙanwa a lise. Satin nan ku zaunar da su, ku ba su tambayoyin da za su yi ma duk mai ba su rance: gaba ɗaya nawa zan mayar, wace rana, in na makara kuma mi zai ƙaru?

To ga allo, ga alli. Mai kanti ya ba ka buhun shinkafa bashi a jika 18, alhali kuɗi hannu jika 15 ne, biya bayan wata 2. Wa zai fito ya faɗa mana kashi nawa ne a shekara?