IDAN KYANWA TA JI CIWO A GIDA: ABIN YI DA ABIN BARI

Wannan jawabi ne da editanmu ya yi wa ɗaliban azuzuwan manya na Kakuri da Makera da Nasarawa, a kudancin kogin Kaduna. Mun buga shi don amfanin masu karatunmu na karkara.

 

Yau zancenmu a kan kyanwa ne. Wasu su ce mage, wasu su ce kuliya. Na ga wasu sun fara murmushi. Wataƙila kuna cewa, ga tsadar hatsi, ga kuɗin makarantar yara, sai a tara mu a kan kyanwa? To, ku ba ni aron kunnuwanku.

AMFANIN KYANWA

Duk mai rumbu ko ɗakin ajiya ya san ɓarnar ɓera. Yana cin hatsi, yana huda buhu, yana yin fitsari da kashi a cikin abinci. Akwai kuma zazzaɓin Lassa. An fara gane wannan cuta a 1969 a garin Lassa, cikin Jihar Borno ta yanzu. Wani irin ɓera ne ke ɗauke da ita, kuma ta fi yawa da rani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a rufe abinci, a zubar da shara nesa da gida, a tsabtace muhalli, a kuma ajiye kyanwa.

Ashe ke nan kyanwa ma'aikaciya ce a gida. Ba ta karɓar albashi. Haƙƙinta a kanmu shi ne abinci da ruwa, da kulawa ranar da ta ji ciwo. Musulminmu da Kiristanmu duk an hore mu da tausayin dabba. Malamai sun gaya mana cewa Sahabi Abu Huraira ya sami wannan laƙabi ne saboda 'yar kyanwar da yake ɗauka.

INDA HAƊARI YAKE

Sau da yawa raunin kyanwa a cikin gida yake samunta. Ga wuraren da ya kamata mu lura da su:

1. Madafa. Kyanwa na son ɗumi. Takan kwanta kusa da murhu ko risho. Ruwan zafi, tafasasshen mai, ko garwashin da toka ta rufe, duk suna ƙona ta.

2. Mota. Da hunturu kyanwa kan shiga cikin injin mota ta kwana don ɗumi. Da safe a tayar da mota, fanka ko bel ya sare ta. Direbobi da makanikai na Kakuri da Tirkaniya da Sabon Tasha, ku buga murfin injin sau biyu ko uku kafin ku murza makulli.

3. Rijiya da duro. Kyanwa kan faɗa ciki ta kasa fitowa. Murfin da zai tsare kyanwa shi ne zai tsare ɗanka mai rarrafe.

4. Katanga da kwano. Fasassun kwalabe da waya mai ƙaya da muke sa wa a kan katanga suna yanka mata tafin ƙafa da ciki. Takan kuma faɗo daga bene ta karye.

5. Zare da allura. Iyayena mata masu ɗinki da saƙa, wannan naku ne. Kyanwa na wasa da zare har ta haɗiye shi, wani lokaci har da allurar.

6. Tarko da gam ɗin ɓera. An ɗana wa ɓera, sai ya kama mai kama ɓera.

7. Wasan yara. Yaro kan ɗaura mata roba ko igiya a wuya ko a wutsiya, ya manta. Robar ta nutse cikin gashi, ta ci nama, ba wanda ya gani sai wurin ya fara wari.

KAFIN KA TAƁA TA

Kyanwar da ke jin zafi ba ta san mai ita ba. Ko ta fi kyanwar Lami sanyin hali, ranar nan za ta yi cizo da yakushi. Saboda haka:

Ka kori yara daga wurin. Ka sami tsumma mai kauri, ko tawul, ko tsohon zane. Ka lulluɓe ta a hankali, ka bar hancinta a waje. Ka sa ta cikin kwali mai huji don iska. Ka ɗaure kwalin da igiya. Kada ka cusa ta cikin buhun leda ka ɗaure baki. Kada kuma ka riƙe ta a hannu a kan babur, domin ƙarar titi za ta firgita ta, ta ƙwace.

TAIMAKON FARKO

Yanka ko zubar jini: Ka danna tsumma mai tsabta a kan wurin, minti 5 zuwa 10, ba tare da ɗagawa kana leƙe ba. In jinin ya tsaya, ka wanke da ruwan gishiri. Ga yadda ake haɗa shi: ƙaramin cokali ɗaya na gishiri a cikin rabin lita na ruwan da aka tafasa ya huce.

Ƙuna: Ka riƙa zuba ruwan sanyi mai tsabta a wurin a hankali, aƙalla minti 10. Kada ka sa ƙanƙara. Kada ka shafa manja, ko ɗanyen ƙwai, ko man goge baki. Ƙunar kyanwa takan ɓuya a ƙarƙashin gashi, sai bayan kwana biyu ko uku fatar ta saɓule. Don haka a kai wa likita ya duba.

Karaya: In tana jan ƙafa, ko ƙafar na lilo, kada ka ja, kada ka murza. Kada ka yi mata ɗori da kara irin na akuya. Za ta yi ta fama da shi har ta ƙara wa kanta ciwo, kuma ɗaurin da ya matse yana kashe ƙafa. Ka sa ta a kwali, ka kai ta asibiti. Wata karayar sai an yi aiki. Wata kuwa likita zai ce a tsare ta a ƙaramin wuri kamar mako 6, ƙashin ya haɗe da kansa.

Zare: In ka ga zare na leƙowa daga bakinta ko duburarta, kada ka ja. Sauran zaren yana cikin hanji. Jan sa yana yanka hanjin. Wannan aikin likita ne.

Gam ɗin ɓera: Kada ka fizge ta. Ka shafa man gyaɗa a inda ya manne, ka bi a hankali har ya saki. Sannan ka wanke da sabulu da ruwan ɗumi. Kada ka yi amfani da kananzir ko fetur.

Kumburi bayan faɗa: Muzurai kan yi faɗa da dare. Haƙorin kyanwa siriri ne, hujin kan rufe da wuri, datti na ciki. Bayan kwana biyu zuwa huɗu sai wurin ya kumbura, ya tara mugunya, ta daina cin abinci. Likita ne zai fasa ya wanke, ya ba da magani. Fiɗiye muzuru a asibiti yana rage masa yawo da faɗa.

MAGANINKA GUBARTA NE

Wannan shi ne babban abin da nake so ku riƙe yau. Ku rubuta shi a littafinku da manyan baƙaƙe: KADA A BA KYANWA FARASITAMOL.

Farasitamol, wanda yawancinmu muka sani da Panadol, yana sauke mana zazzaɓi. Amma hantar kyanwa ba ta iya sarrafa shi. Ƙwaya ɗaya tak tana iya kashe babbar kyanwa. Jininta ya lalace, dasashinta ya koma ruwan ƙasa, fuska da ƙafafu su kumbura, numfashi ya gagara. Mai ita ya ba ta ne don tausayi, sai ya zama ajalinta. Hausawa sun ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Haka nan sauran magungunan ciwon jiki na kemis, kada a ba ta ko ɗaya sai da izinin likitan dabbobi.

Kada a wanke mata ciwo da Dettol ko Izal. Kyanwa na lashe jikinta, duk abin da ka shafa mata cikinta za shi. Kada a shafa mata baƙin mai ko kananzir don ƙuma ko ƙazuwa. Maganin kaska na kare ko na shanu shi ma yana iya kashe ta.

GUBA

Shinkafar ɓera iri-iri ce. Wata tana kisa cikin sa'o'i kaɗan. Wata kuwa hana jini daskarewa take yi, ba a ganin alama sai bayan kwana 3 zuwa 5. Sai ka ga kyanwa ta yi laushi, dasashinta ya yi fari, jini na fita ta hanci ko cikin kashi. Wannan tana da makari, wato bitamin K, in an kai ta da wuri. Kyanwa na iya shan gubar ko da ɓeran da ya ci maganin ta cinye.

Sai fiya-fiya da Sniper da maganin feshin gona. Alamarsu ita ce dalalar miyau, karkarwa, zawo, da sarƙewar numfashi. Su ma likita na da allurar da ke karya su, amma ba sa jira. A 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da Sniper a kasuwanni da kantuna saboda haɗarinsa ga mutane. Maganin gona ne, ba na ɗakin kwana ba.

In kana zaton ta ci guba, kada ka ɗura mata madara, ko manja, ko ruwan gishiri. Ba su ne makari ba, kuma suna iya bi ta huhu. In a jikinta maganin ya zube, ka sa leda a hannunka, ka wanke ta da sabulu da ruwa mai yawa. Sannan ka ɗauki kwalbar ko takardar maganin ka tafi da ita asibiti. A nan karatunku zai yi rana. Ku karanta sunan maganin, ku rubuta lokacin da abin ya faru. Likita zai tambaya.

Ku tuna, gubar da kyanwa ta kai gare ta, yaro ma zai kai.

ALAMUN DA BA A KWANA DA SU

A nemi likita nan take in an ga ɗaya daga cikin waɗannan:

1. Tana numfashi baki buɗe.
2. Jini ya ƙi tsayawa.
3. Ta kasa tsayawa, ko tana jan ƙafafun baya.
4. Tana karkarwa ko farfaɗiya.
5. Muzuru na nishi, fitsari ya ƙi fita.
6. Ta kwana biyu ba ta ci komai ba.

Kyanwa gwana ce wajen ɓoye ciwo. In ta shige ƙarƙashin gado ta ƙi fitowa, akwai dalili. Wadda mota ta buge ko ta faɗo daga bene tana iya tashi ta yi tafiya, alhali jini na zuba a cikinta.

INA ZA A KAI TA?

Asibitin dabbobi ba na shanu da kaji kaɗai ba ne. Suna duba kyanwa da kare. Akwai na gwamnati, akwai na 'yan kasuwa a cikin garin Kaduna. Wanda bai san hanya ba ya tambayi sashen aikin gona na ƙaramar hukumarsa. Hedikwatar Kaduna ta Kudu tana Makera, ta Chikun tana Kujama. Mutanen karkara su nemi malamin dabbobi ko malamin gona na yankinsu. Aikin da ya yi girma akan tura shi Asibitin Koyarwa na Dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya.

Ba duk mai sayar da maganin kaji a kasuwa ne likita ba. Likitan gaskiya yana da rajista da Majalisar Likitocin Dabbobi ta Nijeriya. Ka rubuta lambar wayarsa tun kafin ranar buƙata. Ka tambayi kuɗin aiki kafin a fara, ba abin kunya ba ne. Ciwon da aka kai da wuri ya fi arha a kan wanda ya zama gyambo.

IN TA CIJE KA

Ciwon haukan kare ba a kare kaɗai ya tsaya ba. Kyanwa ma na kamuwa, tana kuma sa wa mutum ta hanyar cizo ko yakushi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, yawancinsu a Afirka da Asiya. Da zarar alamunsa sun bayyana a jikin mutum, da wuya a tsira.

In kyanwa ta cije ka ko ta yakushe ka har fata ta ɓare, ka wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa har minti 15. Ka tafi asibitin mutane a ranar. Kada ka jira ka ga abin da zai faru. Kada a kashe kyanwar a jefar. A tsare ta, a sanar da likitan dabbobi, zai lura da ita kwana 10.

Akwai allurar riga-kafi da ake yi wa kyanwa daga wata 3 da haihuwa, a riƙa maimaitawa yadda likita ya tsara. Ranar 28 ga Satumba ta kowace shekara ita ce ranar yaƙi da wannan cuta a duniya. Ku sa kunne a rediyo a lokacin, don akan yi sanarwar riga-kafi.

AIKIN GIDA

Kowa in ya koma gida yau ya yi abu biyar. Ya rufe rijiya da duro. Ya ɗauke duk wani maganin ɓera ko na feshi ya kulle. Ya adana zare da allura a gwangwani mai murfi. Ya duba wuya da wutsiyar kyanwarsa ko akwai roba. Ya tara yara ya gaya musu cewa kyanwa na jin zafi kamar yadda suke ji, kuma baƙar kyanwa kyanwa ce kawai, ba a jifan ta.

Mako mai zuwa kowa ya zo da jimla uku da ya rubuta da hannunsa a kan abin da ya gyara a gidansa. Malamanku za su duba.

Riga-kafi ya fi magani.  Allah ya ba mu lafiya, mu da iyalanmu da dabbobinmu. Allah ya kai kowa gida lafiya.