Baho Ɗaya, Ƙusa Biyu: Yadda Za a Koya wa Yara Tarihin Yaƙi da Kare Teku

Waɗanda data ba ta bari suka saurari shirin ba, ga rubutunsa nan kamar yadda muka saba.

Yau da tambaya zan fara. Mutanen Kaduna, kun san barikin Kalapanzin? Zazzagawa, kun san barikin Chindit? To daga ina sunayen nan suka fito? Kwanakin baya na yi wa ɗaliban wata ƙaramar sakandare da nake zuwa taimaka musu wannan tambayar. Wani yaro ya ce ai sunan Baturen da ya gina wurin ne. Aji ya fashe da dariya, amma wallahi ni ban yi ba, don har na gama jami'a ni ma ban sani ba.

Kalapanzin kogi ne a ƙasar Bama, wadda yanzu ake kira Myanmar. Chindit kuma sunan wata rundunar Birtaniya ce da ta yi yaƙi a dazukan can, kuma a 1944 akwai sojojin Najeriya a cikinta. Kakanninmu ne fa. A Yaƙin Duniya na Biyu an kwashi dubban samari daga Afirka ta Yamma a runduna ta 81 da ta 82, suka je suka fafata da Japanawa, kuma Hausa ce yaren da sojojin Najeriya suka fi fahimtar juna da shi. Mutumin da bai taɓa ganin ruwan da ya wuce kogin garinsu ba, a 1943 aka saka shi a jirgi daga Legas, aka zagaya da shi ta kudancin Afirka, sai Bombay a Indiya.

To ina ruwan wannan da kare teku? Ai yaƙin ya ƙare a 1945, amma a cikin teku bai ƙare ba. Jiragen ruwa da yawa da aka nutsar suna nan kwance da mai a cikinsu. Akwai na Amurka mai suna Arizona, wanda Japan ta nutsar a Pearl Harbor ranar 7 ga Disamba, 1941, mutum 1,177 suka mutu. Har yau mai na tsattsafowa daga cikinsa, ana ganinsa a saman ruwa. A tsibiran Chuuk da ke tekun Fasifik kuma, a Fabrairun 1944 Amurka ta nutsar da jiragen Japan sama da 40. Yanzu murjani ya lulluɓe su, kifaye sun mayar da su gida, amma ƙarfen yana ta cin tsatsa, kuma ranar da tankin mai ya fashe, masuntan wurin ne za su kwana a ciki.

Idan ka rubuta wannan a allo ka ce a haddace, gobe an manta. Shi ya sa muka gwada aiki da hannu, kuma duka abin da muka kashe bai kai kuɗin katin waya ba.

Na farko, taswira a ƙasa. Muka fita fili, muka zana Afirka da Indiya da toka. Yara suka jera duwatsu daga Kano zuwa Legas, daga Legas suka zagaya ƙasan Afirka har Bombay, sannan Bama. Kowa sai da ya taka hanyar da ƙafarsa. Wata yarinya ta tsaya a tsakiyar tekun ta ce, "Malam, to idan jirgin ya nutse a nan, wa zai gaya wa mahaifiyarsa?" Aji ya yi tsit. Ni kaina sai da na nemi abin faɗa.

Na biyu, ƙusa biyu. Ɗaya a kwalbar ruwan famfo, ɗaya a ruwan da muka zuba wa gishiri, kowacce rabinta a waje don iska ta same ta. Kullum yara su duba su rubuta abin da suka gani. Cikin ƴan kwanaki ta ruwan gishirin ta fi yin ja. Daga nan ba sai na yi dogon bayani ba, su da kansu suka lissafa: ƙarfen da ya shekara 80 a ruwan gishiri, me ya rage masa?

Na uku shi ne ya fi tayar da ƙura. Baho cike da ruwa, muka kwaɓa man gyaɗa cokali biyu da garin gawayi ya yi baƙi, muka zuba. Muka raba su rukuni-rukuni, muka ba su cokali da auduga da tsumma, muka ce a kwashe man nan tas cikin minti goma. Babu rukunin da ya iya. Wasu suka yi dabara suka barbaɗa omo, suka ce ya tafi. Muka ɗaga ruwan a kwalba, ga shi nan ya farfashe ya gauraye da ruwan, ɓuya kawai ya yi. Sai muka tsoma gashin agwagwa. Kafin nan ruwa zamewa yake a kansa, bayan ya sha mai sai ya manne ya yi nauyi. Haka tsuntsun teku ke rasa ɗumin jikinsa ya mutu. A nan na kawo musu zancen ƙasar Ogoni, inda rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya ce share malalar mai zai iya ɗaukar shekara 25 zuwa 30.

Na san wani zai ce, mu ƴan Arewa ina mu ina teku? Ɗan'uwa, ledar fiya wata da ka jefa a kwata a Kaduna, damina na iya kai ta Kogin Kaduna. Kogin Kaduna a Neja yake zubewa, Neja kuma a tekun Atlantika. Haka Kogin Sakkwato. Don haka muka ba yara aikin tsintar leda da robobi a bakin kwatar makaranta, su ƙirga, su rubuta, bayan mako biyu su sake ƙirgawa.

Aiki na ƙarshe shi ne wanda ba ya jira. Waɗanda suka je Bama kusan duk sun rasu, Allah ya jiƙansu. Ƴaƴansu ma yanzu tsofaffi ne. Muka ce kowane yaro ya je gida ya tambaya: a zuriyarmu akwai wanda ya je yaƙin Bama? Me ya dawo da shi? Akwai lambar yabo ko hoto a ƙasan akwati? A naɗi muryar a waya, da izinin mai magana. An yi shekaru babu darasin Tarihi a firamare da ƙaramar sakandare kafin a dawo da shi, kuma giɓin nan ba littafi kaɗai zai cike shi ba.

Don haka ga roƙona. Idan kai malami ne, ko mai bautar ƙasa, ko kana da ƙanne a gida, ɗauki ɗaya daga cikin ayyukan nan ka gwada a makon nan. Amma don Allah man gyaɗa za a yi amfani da shi, ban da baƙin man inji, kuma kada a zubar da ruwan bahon a kwata, a tsane man da tsumma tukuna. Wanda kuma yake da tsoho a gida, ya fara da shi tun yau, kafin baho da ƙusa.

Mu haɗu a shiri na gaba idan Allah ya kai mu.