Idan Mota Ta Ƙi Tashi: Jawabi a Kan Binciken Lantarkin Mota a Ƙasar Noman Rani ta Bunkure



Batun da muka zo da shi yau, watakila wani ya ga kamar bai kai a kawo shi zauren jami'a ba, ya ce ai zancen gareji ne. To, muna roƙon mai irin wannan tunani ya yi mana haƙuri har mu kai aya. Da yawa daga cikinmu 'ya'yan manoma ne, kuma da kuɗin tumatir da shinkafa aka yi mana rajista. Abin da ya taɓa amfanin gonar iyayenmu kuwa, lalle ya taɓa karatunmu.

Kowa ya san yadda ƙasar Kura da Bunkure da Garun Malam ta sake kama tun da aka gina madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka fara a 1971 aka gama a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako. A 1976 aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda ke kula da aikin. Ruwa yana gangarowa da kansa daga Tiga, ya bi ta Ruwan Kanya, ya shiga manyan magudanai har ya iso gonaki. Saboda haka mutanen da a da suke zaman jiran damina, ko su tafi cin rani, suka koma noman alkama da shinkafa da albasa da tumatir. Amma irin wannan noma ba ya tafiya sai da inji: tarakta ta yi huɗa, akori-kura ta kwashe kaya daga bakin gona, babbar mota ta ɗauka daga Kwanar Gafan zuwa Kudu. Tumatir kuwa ba ya jiran kowa. In an cika kwanduna da asuba, direba ya murɗa makulli mota ta yi shiru, to, kowace sa'a da ta wuce kuɗin manomi ne ke narkewa a rana.

Abin takaici shi ne yadda aka saba yi a irin wannan hali. Nan da nan sai a yanke hukunci cewa batir ya mutu, a aika Kano a sayo sabo. In hakan bai yi ba, a kwance kik a kai wa rewaya. Sau da yawa kuwa laifin bai wuce datti a kan batir ko wata waya da ta saki ba. Hausawa sun ce sanin wurin bugu shi ne ƙira. Manufarmu ita ce mu nuna yadda ake gano wurin bugun kafin a ɗaga guduma.

Da farko dai wajibi ne a rarrabe abu biyu. Akwai injin da yake juyawa amma ya ƙi kamawa. Wannan galibi matsalar mai ce, ko iska, ko wutar fulogi, kuma ba shi muke magana a kai ba. Akwai kuma injin da ko juyawa ba ya yi. Wannan na biyun shi ne namu.

A zamanin da, da hannu ake wana inji, kuma mutane da dama sun karye a wajen wannan aiki. Sai a 1912 kamfanin Cadillac na Amurka ya fito da mota mai kik na lantarki, aikin wani injiniya mai suna Charles Kettering. Tsarin bai sake sosai ba har yau. Hanyoyin wuta biyu ne. Akwai ƙaramar hanya, mai siririyar waya, wadda ta tashi daga batir ta bi ta fiyus da makulli da rile har ta isa solonoyid, watau wannan ɗan gwangwanin da ke goye a bayan kik. Aikinta kai umarni ne kawai. Akwai kuma babbar hanya, mai kaurin waya, wadda ta tashi daga kan batir mai alamar tarawa zuwa kik, sa'an nan wutar ta komo ta jikin inji da wayar at zuwa ɗaya kan. Mu da muka san noman rani, misalin ba zai yi mana wuya ba: batir shi ne madatsa, babbar waya ita ce babbar magudana, solonoyid shi ne ƙofar ruwa, makulli kuwa shi ne mai ba da izinin a buɗe. In ruwa bai iso gona ba, mai hankali ba ya cewa Tiga ta ƙafe sai ya bi magudana ya duba.

Bincike na farko ba ya bukatar kayan aiki, kunne da ido sun isa. A kunna manyan fitilu, ko fitilar cikin mota, a murɗa makulli, a saurara, a kuma lura da hasken.

In fitilu ba su kama ba sam, ko sun kawo ja-ja tun farko, to, ko batir ya yi sanyi ƙwarai, ko kansa ya saki.

In sun kawo da haske, amma da an murɗa sai su dushe, ana jin ƙas-ƙas-ƙas da sauri, wutar da ke isa kik ba ta isa ba. Ko batir ne ya raunana, ko akwai tsatsa a mahaɗa.

In haske bai ko girgiza ba, kuma ba a ji komai ba, umarni ne bai isa ba. Sai a koma ƙaramar hanya: fiyus, rile, makulli, da siririyar wayar da ke shiga solonoyid. A nan ne kuma za a tuna cewa taraktoci da yawa ba sa tashi sai giya tana firi ko an taka kuloci, haka mota mai giyar otomatik sai tana kan P ko N. Ɗan makunnin da ke kula da wannan yakan lalace da ƙura da laka.

In an ji ƙas sau ɗaya, haske yana nan daram, umarni ya isa amma babbar wuta ba ta wuce ba. Mafi yawa bakin solonoyid ne ya ƙone, ko burushin kik ya cinye.

In kuwa an ji ƙas sau ɗaya, haske ya dushe ƙwarai alhali batir lafiyayye ne, a dakata. Ko kik ne ya cije, ko injin kansa. A sa sufana a gwada juya injin da hannu. Motar da ta tsallaka ruwa mai zurfi, ko taraktar da ruwa ya shiga ta salansa, tana iya tara ruwa a cikin silinda, kuma matsa mata da kik yana iya lanƙwasa ƙarfen fistin.

To, me ya sa fitila da ham za su yi aiki amma kik ya gaza? Wannan tambaya ce da take ruɗa direbobi, kuma amsarta tana cikin ƙa'idar da Bajamushe Georg Ohm ya bayyana a 1827, wadda muka haddace a sakandare: ƙarfin da ake asara a mahaɗa shi ne yawan wutar da ke wucewa sau turjiyar mahaɗar. Manyan fitilu biyu ba sa jan abin da ya wuce amfiya 10. Kik na ƙaramar mota yana iya jan 150 zuwa 200, na injin dizal ya fi haka nesa. Alal misali, a ce tsatsa ta kawo turjiyar om 0.02 kacal a kan batir. Fitilu za su yi asarar bolt 0.2, abin da ido ba zai gani ba. Kik mai neman amfiya 200 kuwa zai yi asarar bolt 4 cur daga cikin 12. Ƙaramar ɓaraka ta ishi mai ban ruwan fangali ɗaya, amma ba ta ishi mai eka goma ba.

Wanda ya mallaki mita, aikinsa ya ƙara sauƙi. Batir mai ɗakuna shida in ya cika yakan nuna bolt 12.6; in ya nuna 12.2 ya kai rabi. Ƙasa da 12 ya yi sanyi. Amma awo na gaskiya shi ne lokacin da ake murɗa makulli: in ya faɗi ƙasa da 9.6, batir ya gaza ko kik yana jan wuta fiye da kima. Sa'an nan a ɗora tsinken mita ɗaya a kan batir, ɗayan a bakin kik, a murɗa. In an ga fiye da rabin bolt, laifin yana cikin waya ko mahaɗa. Haka za a yi tsakanin ɗaya kan da jikin inji domin a gwada at. Manyan motoci masu batir biyu a jere suna aiki da bolt 24, sai a auna kowane shi kaɗai, domin ɗaya yakan ja wa ɗan'uwansa. Wanda ba shi da mita, bayan ya gwada tayarwa ya taɓa mahaɗai a hankali: wadda ta yi zafi ita ce mai laifi.

In an samu mota ta tashi, saura tambaya guda: me ya shanye batir ɗin? A auna shi inji yana aiki. In altaneta na caji, za a ga tsakanin 13.8 da 14.4. In ba haka ba, a duba fambel tun kafin a bar gari, in ba so ake a kwana a hanyar Zariya da kayan gwari ba.

Akwai gargaɗi da ba za mu tsallake ba. Haɗa bakin solonoyid da sufana yana ƙetare duk wani tsaro da aka yi wa tarakta. In tana cikin giya, za ta zabura ta bi ta kan wanda ke tsaye gaban taya. Batir yana fitar da iskar haidirojin mai kamawa da wuta, saboda haka ba a leƙa shi da ashana ko taba. In za a kwance shi, a fara cire wayar at, in za a mayar a sa ta daga ƙarshe. Kada a riƙe makulli fiye da daƙiƙa 10 zuwa 15 ba tare da an bar kik ya huce ba. Buga ƙusa a kan batir domin ya kama, magani ne na yau, ciwo na gobe.

Rigakafi kuwa ba shi da tsada. Zafin bazara ne ke cin batir, sanyin hunturu ya tona asirinsa, daidai lokacin da ake shukar alkama, man inji ya yi kauri da asuba. Tun kafin lokacin a wanke kawunan batir da ruwan ɗumi da 'yar kanwa, ba tare da an bari ya shiga ciki ba, a goge da samfefa, a ɗaure tam, a shafa giris. Batir mai murfi a ƙara masa tataccen ruwan batir, ba ruwan magudana ba.

'Yan'uwa ɗalibai, rewayoyin Kura da Bunkure sun fi mu sanin hannu, mu kuma an koya mana dalili. In muka koma gida hutu, kada mu tsaya daga nesa da littafi a hammata. Mu zauna da su da direbobi, mu koya daga gare su, mu kuma bayyana musu abin da muka sani da harshen da suke ji. Yau mun ga cewa Hausa ta ɗauki ƙa'idar Ohm ba ta yi nishi ba. Ilimin da ya kasa tsirar da kwandon tumatir ɗaya a ƙauyenmu, da sauran aiki a gabansa.

 Allah ya ba mu ilimi mai amfani, ya sa albarka a noman iyayenmu.